Amrish Puri da Sana'ar Waɗanda Ba Jarumai Ba

Duk wanda ya riski zamanin shiga silima a Kano, ko Plaza ko Orion ko Marhaba ko El Dorado, ya san tambayoyi biyu da ake yi a gindin fasta kafin a yanki tikiti. Ta farko, wane ne jarumin? Ta biyu kuwa, wane ne bos? In aka ce Dharmendra ne, wanda Hausawa suka naɗa wa sarautar Sarkin Ƙarfi, an san za a sha naushi. Amma ko naushin zai yi armashi, wannan sai an ji wanda zai tsaya a gabansa. Daga farkon shekarun 1980 har ƙarshen na 1990, sunan da ya fi gamsar da masu wannan tambaya shi ne Amrish Puri, dogon mutumin nan mai faɗin ƙirji da ƙwala-ƙwalan idanu da murya mai kauri.

Akwai wani rukunin 'yan wasa da ba a gina labari a kansu, ba su auren jaruma, ba a ba su waƙa, hotonsu a lungun fasta yake in ma an sa shi. Su ne uba, alƙali, mai gari, ɗan sanda, boka, mugun attajiri, amintaccen bara. Jarumi a kowane fim kansa yake maimaitawa, don shi aka biya kuɗi a gani. Su kuwa aikinsu su ɓace cikin wani mutum dabam, har mai kallo ya manta akwai ɗan wasa a wurin. Yadda ake shiga wannan sana'a, da abin da ke raya ta, da abin da take cinyewa daga mai ita, duk ana iya karanta su a rayuwar Puri, wanda ya fito a fim fiye da 400 ba tare da an taɓa lissafa shi cikin jarumai ba.

An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1932, a Nawanshahr ta jihar Punjab. Yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, sun riga shi shiga fim, kuma mawaƙin nan K. L. Saigal ɗan'uwansu ne. Da wannan gata ya sauka Bombay a shekarun 1950 da niyyar zama jarumi. Aka gwada shi a gaban kyamara, aka ce bai yi ba. Zamanin su Dilip Kumar da Dev Anand da Raj Kapoor ne, ana neman fuska mai laushi wadda za ta iya kallon mace da marairaicewa, shi kuwa fuskarsa duk ƙashi ce da kaushi. Ƙananan rol da ake iya samu bai so su ba. Sai ya kama aikin gwamnati a hukumar inshorar ma'aikata ta Indiya, ya yi aure a 1957, ya zauna a wannan aiki kusan shekara ashirin.

Masu ba da tarihinsa sukan ruga da waɗannan shekaru kamar lokacin jira ne kawai. Ni a ganina nan ne aka ƙera shi. A farkon shekarun 1960 ya faɗa hannun Ebrahim Alkazi, malamin wasan daɓe wanda mahaifinsa Balaraben Saudiyya ne, wanda kuma daga 1962 ya shugabanci makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasa a Delhi. Da Alkazi ya koma Delhi, sai Puri ya zauna tare da Satyadev Dubey, darakta mai zafin rai da tsananin horo, wanda aka sani da matsa wa 'yan wasansa a kan furta kowane harafi daidai. Da rana ofis, da yamma gwaji. Ba kuɗi a ciki, ba suna sai a tsakanin 'yan tsirarun da ke zuwa kallo.

A ƙarƙashin Dubey ya fito a matsayin makahon sarki Dhritarashtra a wasan Andha Yug na Dharamvir Bharati. Ya fito a Hayavadana na Girish Karnad a matsayin Kapila, ƙaƙƙarfan ɗan maƙeri da aka musanya kansa da na amininsa. Ya kuma ɗauki Sakharam Binder na Vijay Tendulkar, labarin wani mai ɗinkin littattafai da ke kwaso matan da mazajensu suka kora yana ajiyewa a gidansa bisa sharuɗɗansa, wasan da ya tayar da ƙura har masu tace wasanni suka sa masa takunkumi. A 1979 cibiyar Sangeet Natak Akademi, wadda ita ce ƙololuwa a harkar kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a Indiya, ta ba shi lambar yabo. Ba don fim ba, don daɓe.

Me daɓe ke bai wa ɗan wasa wanda kyamara ba ta bayarwa? Abu na farko murya. Wanda zai yi magana na layin ƙarshe ya ji shi ba tare da ya yi ihu ba, dole ya koyi inda numfashi ke fitowa da yadda ake raba shi a kan jimla. Sai jiki. A fim darakta zai iya yanke ka daga kafaɗa zuwa sama, ya ɓoye hannayen da ba su san inda za su zauna ba. A dandamali kuwa daga yatsan ƙafa har gashin kai kana fili, ko ba kai ke magana ba. Abu mafi muhimmanci dai shi ne ɗan wasan daɓe yakan rayu da mutum guda daga farkon labari zuwa ƙarshe a zama ɗaya, dare bayan dare, har ya san yadda mutumin ke zama da tashi da yin shiru. Fim gutsi-gutsi ake ɗaukarsa, yau fitowar mutuwa, gobe ta ɗaurin aure. Wanda bai saba riƙe mutum guda a ƙwaƙwalwarsa ba, sai ka ga a kowace fitowa wani ne dabam. Jarumi zai iya tsira da kyan fuska da waƙa. Wanda aka ba fitowa shida kacal ya gina mutum a cikinsu, ba shi da wannan mafaka.

Sai da ya doshi shekara arba'in sannan aka fara ganinsa a majigi, a Prem Pujari na Dev Anand a 1970, da Reshma Aur Shera na Sunil Dutt a 1971, fim ɗin da Amitabh Bachchan ya fito a bebe. Ga mai neman jarumta, arba'in lokacin tattara kaya ne. A wannan sana'a kuwa shekaru jari ne. Tamoji da furfura da nauyin jiki, waɗanda jarumi ke ɓoyewa da shafe-shafe, su ne kayan aikin mai fitowa a uba ko mai gari. Shi ya sa irin waɗannan 'yan wasa suka fi jarumai daɗewa. Puri ya tsaya gaban Dilip Kumar da Amitabh, ya tsaya gaban Anil Kapoor da Sunny Deol, ya kuma kai ga Shah Rukh Khan da Salman Khan, jarumai na sauyawa shi yana nan.

Masu yin fim ɗin hankali ne suka fara gane abin da ke hannunsu. Girish Karnad ya sa shi a Kaadu, fim ɗin harshen Kannada, a 1973. Sai Shyam Benegal ya ɗauke shi a Nishant a 1975, inda ya fito babban wa a gidan masu ƙasa da suka mai da ƙauye gonarsu, har ƙannensa suka sace matar malamin makaranta ba wanda ya iya tari. Wanda ya san Puri ta rol ɗinsa na Mogambo a Mr. India kaɗai ya nemi wannan fim. Babu dariyar mugunta, babu kayan ado. Mutum ne da ya tashi ya tarar ba a yi masa musu, saboda haka bai da bukatar ɗaga murya, kuma wannan sanyin ya fi kowace tsawa ban tsoro. A shekarar da ta biyo ya fito a Manthan, fim ɗin da manoma 500,000 na Gujarat suka haɗa rupi biyu-biyu aka yi shi, a matsayin ɗan kasuwar da ke sayen madarar talakawa a wulaƙance yana yi musu murmushi. A Ardh Satya na Govind Nihalani, 1983, shi ne uban jarumin fim ɗin, Om Puri, ɗan sanda mai dukan matarsa wanda ya tilasta wa ɗansa shiga aikin da ba ya so. Af, su biyun ba 'yan'uwa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya, ko da yake an daɗe ana musu a kan haka a majalisun 'yan kallo.

Kasuwa ta buɗe masa ne da Hum Paanch a 1980, wanda Boney Kapoor ya ɗauki nauyi. Daga nan sai Vidhaata da Shakti a 1982, Hero a 1983, Meri Jung a 1985, Nagina a 1986, inda ya fito gardin macizai mai neman mallake Sridevi da busa. Don a gane dalilin da ya sa aka yi ta maimaita shi, sai a dubi yadda Bombay ke aiki a lokacin. Ɗan wasa mai tashe yakan yi aiki a fim biyu ko uku a rana ɗaya, safe a wannan situdiyo, yamma a wancan. Sau da yawa a wurin ɗauka ake rubuta maganganun a miƙa masa. Muryar ma daga baya ake shiga ɗaki a ɗora ta. A irin wannan hali furodusa ba shi da lokacin gina mugu daga tushe. Yana son fuskar da in ta bayyana, mai kallo ya riga ya san komai, an huta da bayanin minti ashirin. Yana kuma son wanda zai haddace shafi biyu nan take, ya zo a kan lokaci, ya ɗora murya ba kuskure. Tsohon ma'aikacin gwamnati da Dubey ya horar ya cika waɗannan sharuɗɗa duka. Abokan aikinsa sun sha ba da shaidar cika alƙawarinsa da kiyaye lokaci.

Jarumai ma suna bukatarsa, ko ba su faɗa ba. Ɗan dambe da abokin karonsa ake auna shi. Wanda ya kayar da rago ba a yi masa kirari. Ihun Sunny Deol a kotu cikin Damini, 1993, ya yi tasiri ne saboda lauyan da ke gabansa, Chaddha, mai kaɗa gashin goshinsa cikin raini, ya riga ya cika wa kowa ciki.

A tsakiyar wannan tashe ne Turawa suka neme shi. Ya yi ƙaramin rol a Gandhi na Richard Attenborough a 1982. Sai Steven Spielberg ya ba shi Mola Ram a Indiana Jones and the Temple of Doom, 1984, shugaban matsafa mai zaro zuciyar mutum da hannu. Don wannan fim ya aske kansa ƙwal, ya kuma bar shi haka har ƙarshen rayuwarsa, abin da ya zame masa alheri, don kai marar gashi yana karɓar kowace irin hular gashi da rawani. Fim ɗin kansa dai cin fuska ne ga Indiyawa, an nuna su masu cin ƙwaƙwalwar biri da yanka mutane. Gwamnatin Indiya ba ta yarda a ɗauke shi a ƙasarta ba, sai Sri Lanka aka je. Aikin Puri a ciki ba shi da makusa, kuma a nan matsalar take: gwanintarsa ce ta sa ƙaryar ta zauna a zukatan masu kallo. Mai wannan sana'a ba shi ke zaɓar abin da labari zai ce ba. An ɗauko shi ne ya sa a yarda da shi.

Mogambo ya zo a 1987 cikin Mr. India na Shekhar Kapur. In aka duba shi a takarda, abin dariya ne: gashin zinariya mai lanƙwasa, riga mai ado kamar ta sarkin wasan yara, tsibiri, makamai masu linzami, sojojin da ke faɗawa ramin guba in ya umarce su. Fim ne da aka yi da yara a zuciya. Anupam Kher ya ce shi aka fara ba rol ɗin kafin a sauya. Abin da Puri ya yi shi ne bai raina shi ba. Ya ɗauke shi da nauyin da ya ɗauki makahon sarki a daɓe. Jimla ɗaya ce, ta nuna cewa Mogambo ya ji daɗi, yake ta maimaitawa, amma kowane karo da launinta: wani lokaci yabo, wani lokaci gargaɗi, wani lokaci hukuncin kisa. Ga kuma yatsun nan masu zobba da yake ƙwanƙwasawa a hannun kujera kafin ya yi magana. Wannan sanin yadda ake sa jama'a jira, daga dandamali aka zo da shi.

To, kurkuku ne ko gata? Masu cewa kurkuku suna da hujja. Cikin fina-finansa 400 da ɗoriya, da yawa shara ce. Mugun mai gari ɗaya ne ake sauya wa suna da gashin baki, yana ƙwace gona, yana keta haddin ƙanwar jarumi, a kashe shi a minti biyar na ƙarshe. Mutumin da ya iya Sakharam ya shafe shekaru yana zaro ido don a biya shi. Ba shi ne farau ba. Pran, wanda ya riga shi, ya yi muguntar da har ake cewa iyaye sun daina raɗa wa 'ya'yansu sunansa, sai da Manoj Kumar ya ba shi rol ɗin gurgun tsohon soja a Upkar, 1967, sannan aka tuna ya iya wani abu. Amjad Khan kuwa Gabbar Singh na Sholay ya bi shi har kabari a 1992.

Amma ni ban ga Puri a matsayin wanda aka zalunta ba. Maimaicin nan shi ya ba shi ƙarfin faɗa a ji. Ana ruwaito cewa shi ne bos mafi tsada a zamaninsa, kuma ba ya rage farashi. Da kuɗin sharar ya samu sukunin komawa wurin Benegal da Nihalani duk lokacin da suka kira, kamar a Tamas na talabijin da Suraj Ka Satvan Ghoda. Hasarar da aka yi ta masu kallo ce, waɗanda aka saba musu da rabin mutumin. Abin mamaki ma, mujallar Filmfare ta ƙirƙiro kyautar gwarzon mugu a farkon shekarun 1990, an sa sunansa a takara sau da dama, bai taɓa ci ba. Kyaututtukanta uku da ya samu duk na mai rufa wa jarumi baya ne: Meri Jung, Ghatak da Virasat. A biyun ƙarshe ma mutumin kirki ya fito.

Waɗanda suka riƙa cin waccan kyauta ta gwarzon mugu su ne ke nuna inda iska ta juya. Shah Rukh Khan ya ci da Anjaam, Kajol ta ci da Gupt, Akshay Kumar ya ci da Ajnabee. Wato tun daga Baazigar da Darr a 1993, jarumai sun gano cewa mugunta na da daɗin wasa, suka shiga gonar da ba tasu ba. A lokaci guda kasuwa ta koma ga Indiyawa mazauna Ingila da Amurka, masu son labarin biki da dangi, ba na ɗan fashi a kogo ba. Bos irin na da ya fara rasa wurin zama. Da yawa daga cikin abokan sana'arsa a nan tauraronsu ya dushe.

Shi kuwa sai ya koma uba. A Dilwale Dulhania Le Jayenge na Aditya Chopra, 1995, shi ne Baldev Singh, mai kanti a Landan da ke watsa wa tattabaru hatsi yana begen Punjab, wanda ya yi wa 'yarsa miji tun tana ƙarama. Dabarar sa shi a wannan rol ita ce masu kallo sun shigo da tsoronsa na shekara goma sha biyar. Ba sai an nuna yana duka ba. Ya ɗago ido kawai, an san abin da zai iya. Saboda haka sakin hannun 'yar a tashar jirgin ƙasa ya yi nauyin da ba zai yi ba a hannun wani ɗan wasa mai fuskar tausayi. Duk Bahaushen da ya san rigimar auren dole da alƙawarin iyaye ya gane wannan uba, ba sai an yi masa fassara ba. A Ghatak, 1996, ya fito tsohon ɗan gwagwarmaya da ciwo ya ci, wanda ɗan daba ya wulaƙanta a bainar jama'a. A Virasat ya gaji rol ɗin da Sivaji Ganesan ya yi a asalin fim ɗin na Tamil, bai kuwa ji kunya ba.

Kada dai labarinsa ya rufe mana ido, don shi togaciya ne. Yawancin masu wannan sana'a kuɗin yini ake biyansu, ba su da kaso a riba, ba fansho. A. K. Hangal, tela ne da ya fito daga wasan daɓe ya shiga fim yana da shekara kusan hamsin, shi ne makahon limamin Sholay, ya yi fim sama da ɗari biyu. A 2011 sai da aka yi masa neman taimako don kuɗin magani, ya rasu a 2012. Mu ma nan mun ji irinta. A 2022 Ladin Cima, wadda ta tsufa tana fitowa a uwa da kaka, ta faɗa wa BBC Hausa irin 'yan kuɗin da ake ba ta, wasu furodusoshi suka musanta, aka yi ta cacar baki. Ko wane ne mai gaskiya a lissafin, tsarin ɗaya ne da na Bombay: sunan jarumi ke sayar da fim, don haka shi ke kwashe kaso mai tsoka, sauran a sallame su da na mota.

Akwai kuma wata kamanceceniya da ta fi damuna. Manyan da suka kafa wasan Hausa, irin su Kasimu Yero da ya rasu a 2017, wanda ya yi Magana Jari Ce ya kuma yi Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, da Usman Baba Pategi Samanja da ya rasu a 2023, daga rediyo da daɓe da talabijin suka taso, inda ake gwaji kafin a fito. Turmin Danya ma, da ake lissafawa a matsayin mafarin fim ɗin bidiyo na Hausa a 1990, ƙungiyar wasan daɓe ta Tumbin Giwa ce ta yi shi. Yau yaro daga waya yake tsallakowa lokeshin, kuma jarumi yake son zama. Wanda zai fito a alƙali ko mai unguwa, sau da yawa duk dattijon da ke kusa ake yafitowa a naɗa masa rawani. Sai a yi ta mamakin yadda fitowar kotu ko ta fada ke zama lami.

Puri ya yi aiki har jikinsa ya ƙi. Ciwon jini ya kama shi, amma a 2004 kaɗai an gan shi a Aitraaz da Hulchul da Mujhse Shaadi Karogi, biyun ƙarshe ma na barkwanci. Ya rasu a Mumbai, wato Bombay, ranar 12 ga Janairu, 2005, yana da shekara 72, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa. Kisna na Subhash Ghai, daraktan da ya ba shi Vidhaata da Hero da Meri Jung, ya fito a cikin watan, tarihin rayuwarsa kuma, The Act of Life, sai a shekarar da ta biyo aka buga shi.